Rasuwar Ɗan Wurma, Baƙin Zanen Gidanmu

"To Inna, yanzu da mi zan shiga motar? Da tabarma?"

Abin da Larai ta ce mani ke nan jiya da hantsi, tana tsaye bakin ɗaki, adudunta a buɗe. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, a karanta ma 'yan'uwa na Kurfi da na Barkiya da na Wurma, kowa ya ji daga bakina kafin ya ji a bakin rijiya.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Mairo ta gidan Malam mai hatsi, nan bayan kasuwar Kurfi, ina sanar da dangi da maƙwabta da abokan arziki rasuwar baƙin zanena, wanda aka fi sani da Ɗan Wurma. Ya cika ranar kasuwar Dutsin-Ma da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, bisa gungumen masu bugun tufafi, a gaban idona. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada wani ya ce na yi saɓo. Na tambayi Malam, ya ce ko igiyar takalmi ce ta tsinke ma mutum ya halatta ya faɗi haka. Na san zane bai da rai. Ku dai bar ni in yi makokina.

Abin da ya ƙara ma rashin nauyi shi ne marigayin ya riga ya tashi daga hannuna. Na ba Larai shi, ɗiyata ta uku, wadda za ta Katsina ran Asabar ɗin nan koyon aikin ungozoma a asibiti. Shi ne babba cikin kayan da za ta tafi da su. Yanzu ga mota na zuwa, ga yarinya, babu zane.

An haifi marigayi a Wurma, a masaƙar Ilu, tun kafin a haifi ita Larai ɗin. Innarmu ce ta kaɗa zarenshi da hannunta, audugar gonar bayan gida, Allah ya jiƙanta ya sa tana Aljanna. Aka saƙa shi da kauri, aka kai shi marina ya sha baba har ya ƙoshi. Da ƙuruciyarshi ya ɗan yi rashin ji, ban ɓoye ba: duk wanda ya raɓe shi sai ya shafa mashi shuɗi. Malam ya sha fita masallaci da shuɗin kafaɗa. Amma da ya girma ya natsu, bai sake ɓata ma kowa farar riga ba.

Na shaide shi da haƙuri. Na shaide shi da rufin asiri. Bai taɓa cewa wannan aiki ba nawa ba ne. Da safe in ɗaura shi in yi daka. In an ce ana suna a maƙwabta, in kakkaɓe shi, in ɗora jan kallabi, in shiga cikin mata ba mai cewa daga gindin turmi nike. In rasuwa aka yi, in cire jan kallabin in sa fari, shi ke nan na shirya. Ya yi mani mayafi, ya yi mani majanyi, 'ya'yana duk a cikinshi suka yi barcin goyo. Ya yi labule sadda na haihu a ɗakin da babu ƙyaure. Lokaci ya taɓa kama ni a hanyar Kuki, na shimfiɗa gefenshi mai tsarki na yi sallata. Ranar bikin mulkin kai, mata sun fito da atamfofi har ido na ciwo, ni da shi muka je Dutsin-Ma muka dawo, ba wanda ya nuna mu da yatsa.

Mai ƙarancin magana ne. In na kakkaɓe shi da asuba ya ce fat, fat, sau biyu, ya yi shiru. In yana bisa igiya iska na kaɗa shi, sai dai ka ji faf-faf a hankali kamar mai lazimi. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar da ya cika.

A kanshi na koya ma Larai yadda ake haɗa kaya, don yarinya ce mai fara fita duniya. Na ce mata, ke, mace zane uku gare ta: ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya a adudu. Na huɗu kuwa na asu ne da gara. Na ce ki sami guda mai duhu, mai kauri, marar zane-zane, shi ne uban gida, sauran su bi bayanshi. Atamfa mai furanni in kin sa ta sau biyu an haddace ki, a na uku a ce ba ki da wata. Baƙi kuwa ba mai ƙirga shi. Riga biyu sun isa, fara da mai duhu, duk su zauna da kowane zane. Ado a kallabi ake yin shi, don shi ne ƙarami, shi ne kuma ido ke fara gani. Kada ki sayi abin da sai an sai mashi abokin tafiya. Kada ki ɗauki kayan da ba ki iya sa wa bisa kai ki yi gudu in ruwa ya taso.

Ta ce, "Inna, ko ke ce gwamna sai haka."

Na ce, "Gwamna bai san wanki ba."

Muka haɗa adudun tare, ni da ita: marigayi a ƙasa, sai zanen saƙi mai ratsin fari, sai atamfa guda mai ruwan ƙasa da Malam ya sai mata da ƙaramar salla, riga biyu, kallabi ja da fari. Ta rufe, ta ɗaga da hannu ɗaya, ta yi dariya. Yarinyar nan ta yarda da ni. Wannan shi ke cina.

Ciwon ajali ya shigo gidan nan ne a cikin ƙunshin Rabi'atu dillaliya. Ban ɗora mata laifi ba, sana'arta take. Ta zo ta baje atamfofi a tsakar gida, ta ce ta ji 'yar gida za ta birni. Na ce mun gama shiri. Ta ce a nuna mata. Ni da bakina na ce ma Larai ta buɗe adudu, don ina taƙama. Rabi'atu ta ɗago marigayi da yatsa biyu kamar ta ɗago mushen ɓera.

"Yaya Mairo, da wannan za ki tura ta cikin 'yan Katsina? Ai sai su ce mai tallan nono ta ɓace hanya."

Na ce, "Mai tallan nono ta fi mai tallan gulma."

Matan gida suka yi shewa, ta naɗe kayanta ta fita. Na ci gardama. Amma maganar ba ta fita da ita ba, nan ta zauna a ƙirjina. Na koma ina kallon zanen da idon Rabi'atu. Sai na ga ya koɗe a wurin zama. Na ga baƙinshi ya koma kalar toka a gefe. Abin da na yi shekaru ina kira kamala, ranar nan na kira shi tsufa. Ni da ke ma mutane wa'azin kada a yi kaya don idon jama'a, idon mutum ɗaya ya kada ni.

Ranar kasuwa, Larai ta tafi gaida kakarta ta wajen uba, na buɗe adudun da ba nawa ba, na ɗauke shi, na bi motar 'yan hatsi zuwa Dutsin-Ma. Niyyata a shafa mashi shuni a buge shi ya yi sheƙi, in maido shi kafin ta dawo, ta buɗe ta ga ango. Ban shawarci kowa ba. Ko Malam ce mashi na yi za ni sayen kanwa, kuma na sayo kanwar, don kada ta zama ƙarya tsagwaronta.

Ya'u mai bugu ya karɓe shi, ya ware, ya ɗaga shi sama.

"Inna, ina hango rana ta cikinshi."

Na ce, "Rana ai ko ta cikin bukka ana hango ta. Buga."

"Wannan dattijo ne. A tsoma shi a baba a shanya, ya isa. Bai ɗaukar dukan nan."

Na ce, "Ni sheƙi nike so. Tun ba a haife ka ba yake shan wahala, bugunka ne zai gagare shi?"

Ya ce to. Ku shaida, ya faɗa mani, ba sau ɗaya ba. Duk wanda ya zagi Ya'u a kan wannan magana ya ɗauki alhakinshi.

Suka shafe shi da shuni, suka ninke, suka ɗora bisa gungume, shi da abokin aikinshi, wannan ya sauke wannan ya ɗaga. Tim, tam, tim, tam. Wallahi da farko ya yi kyau. Sheƙi ya fara fitowa kamar bayan hankaka, har na ce a raina ina ma Rabi'atu na nan. Suka juya shi, suka koma. Ina cikin wannan tunani na ji ya yi magana. Kyaaat. Doguwa, tun daga tsakiya har gefe. Masu bugu suka tsaya da sandunansu a sama. Da Ya'u ya ware shi, duk inda aka ninke ya rabe, kamar an bi da wuƙa. Ba wurin da allura za ta kama, zaren ya zama gari.

Ya'u bai ce ai na faɗa maki ba. Da ya faɗa da na ji sauƙi. Cewa ya yi, "Sannu Inna. Allah ya ba da haƙuri." Na naɗo gawar cikin buhun kanwa, na shigo mota, hannuwana shuɗi har gwiwar hannu. Har yanzu bai fita ba. Da shi nike alwala, da shi nike tuƙa tuwo, kowa ya gan ni ya san abin da na yi.

Marigayi ya rasu ya bar zanen saƙi mai ratsin fari, wanda bai iya zuwa gidan rasuwa shi kaɗai. Ya bar atamfa mai ruwan ƙasa, yarinya ce, ba ta san daka ba. Ya bar riga biyu da kallabi biyu, marayu, duk a kanshi aka zaɓe su. Ya bar Larai, wadda tun jiya ba ta ce mani komi ba sai "to" da "na ji". Ban ga laifinta ba. In ta wanke ɗaya ta ɗaura ɗaya, ranar da ruwa ya hana shanya bushewa fa? A garin da ba ta san kowa ba, wa za ta ce ma ara mani?

Ya kuma bar ɗan'uwanshi, tagwaye suke. Innarmu zane biyu ta sa Ilu ya saƙa, zare ɗaya, rini ɗaya, ɗaya nawa ɗaya na yayata Gogo ta Barkiya. Nata na nan a ƙasan akwati da ganyen ƙamshi, ko sau goma bai ga rana ba.

Ga yadda za a yi jana'iza. Ba salla, ba a yi ma tsumma salla, kada wani ya je ya ƙara mani a gaban malamai. Gobe bayan la'asar za a wanke shi a nan tsakar gida da sabulun salo. Inda ya ɗan yi saura za a yanke ma Larai abin ɗaure 'yan kayanta. Tsakiyar za a naɗa gammo, ya ci gaba da ɗaukar tulu yadda ya saba ɗaukar nauyinmu. Abin da ya zama zare a murza lagwanin fitila. Ba zaman kwana uku, ina da aiki. Kada a kawo gumba, kada a kawo goro. Rabi'atu na iya zuwa, amma ta bar ƙunshinta a gida. Mai son yin addu'a kada ya ɓata ta a kan zane, ya yi mani, Allah ya yafe mani buɗe adudun da ba nawa ba da maganar kanwa, ya raba ni da jin kunyar abin da ba na kunya ba.

Sauran magana taki ce, Yaya Gogo. Na san abin da na sha faɗa maki. Na ce akwatinki kabari ne. Na ce kina kiwon asu kamar mai kiwon awaki. Ranar sunan ɗan ƙanen mijinki Atiku na faɗa a gaban surukanki cewa mai zane ashirin ba ta fi mai uku sutura ba, sai dai ta fi ta wanki, aka yi maki dariya, kika tashi kika bar tuwonki. Ban zo na ba ki haƙuri ba har yau. Ga shi abin da kika adana yana nan, ni mai wayo nawa na cikin buhun kanwa.

Ba don ni ba. Ni in daka da saƙi in je biki da saƙi, ba abin da ya dame ni. Don ɗiyarki Larai ce, ke kika yanke mata cibi. Ban ce ki ba ta kyauta ba, aro ne, har ta fara ɗaukar albashi ta sa a saƙa mata nata. Na yi maki alkawari ba mai kai shi wurin bugu. Yero mai jaki zai taso daga Barkiya ran Juma'a da sassafe da kayan gero, in kin naɗe shi kin ba shi, zai iso kafin a sauko masallaci. Motar Katsina kuwa Asabar da hantsi take tashi.

Yaya, ki ara mata shi?