Famfon Layinmu da Turancin Bana

Jiya na sha kunya a ofishin ruwa. Kwana goma sha tara famfon layinmu a birnin Multan bai ɗiga ba, maƙwabta suka tura ni kai kuka, wai ni ne mai Turanci: shekara ashirin da shida ina koyar da shi a kwaleji.

Na zuba Turanci tsantsa shafi biyu. Akawu ya duba, ya kurɓi shayi, ya turo mini takardata. "Malam sahib, wannan ai Turancin bara ne. Kwamfuta ba za ta karɓa ba."

Ashe tun da Janab Babban Sahib, shugaban ofishin, Allah ya ƙara masa tafiye-tafiye, ya dawo daga wani taron bita a ƙasar waje aka soke kalmar "matsala". Yanzu "damar ci gaba" ake cewa. Rashin ruwa kuwa an ƙera masa sabon suna, rabinsa ruwa rabinsa hutu, irin haɗin da samari ke yi a waya. Duk wata sai an fito da sabon jerin kalmomi.

Akawun ya tura ni wurin Munshi Inayat, mai buga wa mutane takardu a gindin bishiyar ƙofar ofis. Aji biyar ya yi a duniya. Bai san ma'anar ko ɗaya daga kalmomin ba, amma duk suna rubuce a bayan kwalin tabarsa, direban Sahib ke kawo masa su da ɗuminsu. Ya karanta takardata, ya ce laifina ɗaya ne: duk wanda ya karanta zai gane abin da nake nufi. Ya buga sabuwa. Sau uku na karanta, ban ga inda aka ambaci ruwa ba. Ina miƙa ta a ofis, nan take aka buga mata hatimi, har da amsa.

A gida na karanta wa maƙwabciyata Bibi Shagufta amsar: ana taya layinmu murnar zama zakaran tattalin ruwa, za a kafa mana allo.

"Bhai sahib," wato ɗan'uwa, in ji ta, "da allon zan wanke shinkafa?"

Na ninke takardar na sa a aljihu. To amma da safen nan sai ga ma'aikata da allon, ga tankar ruwa guda a bayansu don kwaɓa siminti. Kafin su juya buhu ɗaya, layi ya fito da tukwane, ni da digirina a sahun gaba.

Yanzu mun san hanya. Na riga na gaya wa Munshi ya buga mana takardar neman allo na biyu.