Yadda Na Kai Mama Wasan Golf

Jama'a, wannan makon ba zan yi muku kukan layin mai ba, ba kuma zan taɓo maganar wuta ba, domin na ƙara matsayi. Ni Eladio, da kuka sani da tsohon babur mai tari, yanzu mutum ne mai shirya hutun golf a bakin teku irin na manya.

Abin ya faro ne ranar Litinin ta makon jiya. Na ɗauki bokitin farar ƙasa na nufi maƙabartar garinmu, Punta Almendra, don in rage wa Mama aiki kafin biyu ga Nuwamba, ranar tunawa da matattu. Sai na tarar da ƙofar ƙarfe a inda hanya take, ga maigadi har da farar safar hannu. Ya dubi bokitina, ya dubi silifas ɗina, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko ƙarfe nawa aka ba ni na fara wasa. Na ce ba wasa ya kawo ni ba, wurin mahaifina na zo. Ya tambaya ko mahaifin nawa mamba ne. Na ce ya fi shekara goma a ciki, ko sau ɗaya bai taɓa fitowa ba. Ya ce ya gane, amma duk da haka.

Maƙabartar tamu a kan tudu take, can inda dutse ya yanke ya fuskanci teku. Masunta ne suka zaɓi wurin tun kakanni, wai don mamaci ya riƙa ganin shigowar jirage. Mahaifina Nicanor shi ne na ƙarshe a layin da ke gefen ruwa, kuma filin da ke hagunsa na Mama ne. Ita da kanta ta jera masa bawon katantanwar teku, kowa a garin ya sani. Duk biyu ga Nuwamba Mama, wato Doña Ercilia, takan hau tudun nan, ta shafe kabarin da farar ƙasa, ta kunna kyandir, ta zuba masa kofi marar sukari, ta zauna ta ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ya lalace. Ba ta taɓa fashi ba, har shekarar da guguwa ta yaye mana rufin ɗaki.

A farkon bana ne Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa ƙarfin yanka ƙyalle, ya zo da albishir cewa an ba wasu masu kuɗi gaɓar tekunmu su yi filin golf. Da tsofaffi suka tambayi makomar maƙabarta, sai ya dafa ƙirji, idonsa ya kawo ruwa, ya ce shi ma ɗan wani ne. Ya yi alkawarin hanya ta musamman, Hanyar Girmama Magabata. Kuma in faɗi gaskiya, ya cika. An yi hanyar, an buɗe ta da kiɗa, na ci biskit a wurin. Kwalta ce mai kyau, baƙa wuluk, ta miƙe daidai iyakar inda na'urar ɗaukar hoto take gani, daga nan ta ci karo da katanga ta tsaya. Har yanzu awaki na kwana a kanta, sun ce ba su da ƙorafi.

Da maigadi ya koro ni, na wuce Hukumar Ƙawata Gaɓar Teku. Wani ranka ya daɗe mai sanyin murya ya bayyana mini cewa ba wanda ya taɓa maƙabartarmu, tana nan lafiya kusa da rami na bakwai na filin golf, hanyar zuwa ce kawai ta zama ta ƴan wasa. Na nemi ganin Mai Girma. Ya ce ai ya fita da tawaga, suna zagaya filayen golf na bakin teku a ƙasashe daban-daban don su ga yadda wasu ke warware irin wannan matsala tamu. Har da matansu suka tafi, saboda nauyin aikin. Wallahi sai da na ji kunyar kaina. Ga bayin Allah can suna shan rana a ciyawar wasu ƙasashe dominmu, ni kuma ina nan ina gunaguni da bokiti.

Na koma gida na lallaɓa Mama. Na ce ko bana mu kunna kyandir ɗin a coci, Baba zai fahimta. Tana kirɓa ayaba a lokacin, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ubanka bai taɓa fahimtar komai ba sai an faɗa masa ido da ido," in ji ta. "In bai gan ni ba zai ɗauka na mutu. In ya duba hagunsa bai gan ni kwance ba, zai ɗauka wani wurin na tafi. Ka san halinsa da kishi."

Na yi dariya, amma ba ta kai zuci ba. Ƙafafunta sun fara kumbura tun damina, ni da ita mun san ba hawan tudu da yawa ne suka rage mata ba.

Wanda ya fitar da ni shi ne maƙwabcina Fulgencio, uban baftismar ƴata, da ya taɓa ɗaukar wa baƙi jakar sandunan golf a wani filin kafin bayansa ya ƙi. Muna buga domino a gaban kanti ya ce, "Compadre, aminina, kai matsalarka kana zuwa wa mutane a matsayin ɗan ƙasa. Je musu a matsayin baƙo ka ga yadda ake buɗe ƙofa." Ya zayyana mini ƙa'idar: mutum huɗu-huɗu ake shiga, riga sai mai kwala, kuma ba a tsayawa a hanya don akwai masu biyowa baya. Abu ɗaya ke ba mutum damar kauce wa layi, wato ƙwallonsa ta ɓata ya shiga nema.

Haka na zama mai shirya hutu. Ƙanwata Yuderka ta turo kuɗin shiga daga New York, ba zan faɗi adadin ba don akwai masu hawan jini cikin masu karatu. Na buga waya, wata baiwar Allah ta amsa da Turanci, da ta ji muryata ta sauko Sifaniyanci da ɗan takaici. Ta tambaya ko mun fi son filin da ke kallon fitowar rana ko na faɗuwarta. Na ce mai rami na bakwai a kan tudu. Ta yaba da zaɓina, ta ce nan ne baƙi suka fi so saboda akwai wani tsohon wurin tarihi na masunta da ke fitowa da kyau a hoto. Ta tambayi ƙwarewar Mama a wasan. Na ce ta taɓa kashe maciji da taɓarya. Ta ce za ta sa ta a matsakaita.

Bayan ni da Mama da Fulgencio, ta huɗunmu ita ce Doña Crucita, ƙawar Mama, mai miji da ɗa a kwance a can kan tudun. Kafin ranar, labari ya zaga gari. Wannan ya kawo kyandir na uwarsa, wancan furanni, wata ta ce a gaya wa mijinta ta sayar da kwalekwalen kuma ba ta yi nadama ba. Fulgencio ya aro jaka, muka bar sanda uku a sama don idon mutane, ƙasa kuwa buroshi ne da gorar farar ƙasa da filas ɗin kofi. Mama ta sa rigar Baba mai kwala a kan baƙar rigarta. Maigadin nan da ya koro ni har rusunawa ya yi, ya ce mana barka da hutu.

Ba zan ɓata muku lokaci da ramuka shida na farko ba, ciyawar wurin dai ba za ta manta da mu ba. Muna isa na bakwai sai ga gicciyen maƙabarta can dama, bayan wani gajeren shinge fari. Aikina ɗaya ne, in buga ƙwallo ta karkace ta faɗa ciki, abin da nake yi tun safe ba tare da ƙoƙari ba. Na ɗaga sanda na rufe ido na maka. Jama'a, ƙwallon nan ta tashi sak, ta ratsa iska, ta sauka dab da tutar ramin. Wasu Turawa huɗu da ke bayanmu suka shiga tafi. Mama ta dube ni irin kallon da ta yi mini ranar da na faɗi jarrabawa. Sannan ta sunkuya ta ɗauki tata ƙwallon, ta taka zuwa shingen, ta jefa ta ciki da hannu, ta juyo ta shaida wa jami'in da ke bin mu a ƴar motar lantarki cewa ƙwallonta ta ɓata. Mutumin ya dubi kwalar rigarta, ya bar mu muka shiga nema.

Muka rarrabu da gudu irin na tsofaffi. Doña Crucita ta nufi nata, Fulgencio yana rabon kyandir da saƙonni kabari kabari. Dole in yaba: ban taɓa ganin maƙabartar nan kore shar haka ba. Ashe kullum ana yi mata ban ruwa da asuba. Mu a gari famfo sai ya ga dama, amma matattunmu sun samu ruwan gwamnati, saboda haka mai son ruwa ya san inda zai nufa.

Mama ta share ƙwallayen da suka taru a kan Baba, ta shafa farar ƙasa, ta zuba masa kofi. Tana cikin ba shi haƙurin rigarsa da ta ara sai ta waiga hagu. Bawon katantanwar nan babu su. Shingen ya matso har jikin kabarin, a bayansa kuma, daidai filinta, an haƙa ramin yashi irin wanda suke yi don wahalar da ƴan wasa, an cika shi da farin yashi mai laushi, an share shi tas. Ni dai na ji kamar in fasa ihu a gaban Turawa.

Ta daɗe tana kallon ramin. Ta tsallaka shingen da taimakona, ta auna tsawonsa da taku, ta dawo.

"Ka gani, Nicanor, wurina na nan," ta ce. "Har sun haƙa mini. Cikin duk ayyukan da suka yi mana alkawari, wannan ne kaɗai suka gama kafin lokaci."

Jami'in ya danna ƙaho, ya ce lokacin nema ya ƙare, ko madam ta ga ƙwallonta? Ta ce ta gani, amma za ta bar ta a nan, tana dawowa. A hanyar fita ta riƙe hannuna da ƙarfi, ta sa na yi mata rantsuwa cewa duk ranar da abin ya zo, a ramin nan zan sa ta, ko da tsakiyar gasa ce. Na rantse.

Na sake leƙa hukumar jiya don in ji yadda ake shiga da mamaci. Mai sanyin murya ya ce ana jiran dawowar tawaga, amma a yanzu dai ƙa'ida ba ta canja ba: ƴan wasa kawai, huɗu-huɗu, riga mai kwala. Na gode masa, don lissafin ya yi daidai, akwatin gawa ma mutum huɗu ke ɗauka. Fulgencio kuwa bayansa ba zai iya ba. Saboda haka in akwai mutum uku cikinku masu ƙarfin kafaɗa da rigar kwala, ku same ni a gaban kanti da yamma. Ba sai kun iya wasan ba, wanda bai iya ba ma ya fi.