Ranar da Na Yi wa Aku Guɗa

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Kano ba. Jama'a da jirgi suke tuna ta, ni kuwa da aku.

Akun na surukuwata ne, Inna. Wani ƙanenta mai fataucin goro ya kawo mata shi daga Gwanja, toka-toka da jar wutsiya. A cikin mata ya tashi. Ya iya sallama, ya iya korar akuya, ya iya tarin Baba, surukina, har da kakin da ke biyo baya. Ba a taɓa rage masa gashin fiffike ba, don Inna ta ce wanda ya sa masa almakashi ita ya sa wa. Kuma ba ya gudu. In ya hau katanga sai ta rangaɗa masa 'yar guɗa, ya sauko kafaɗarta ya karɓi gyaɗa.

Da bikin autanta ya zo, Inna ta tare a Shahuci wajen yayarta, ta bar aku a Gwale. Shi kuwa ya ƙi cin komai. Sai ta aiko a kai mata shi ranar ɗaurin aure. Ni sabon suruki mai neman shiga, kafin a rufe baki na ce ni zan kai.

Matata Hajo ta ce, "Malam, ka sa shi a kwando ka lulluɓe da zane. Haka ake fita da shi."

Na ce, "Ni da babbar riga, in ɗora kwando a ka kamar mai tallan daddawa?"

"To kada ka ce ban faɗa ba. Ka dai san halin Inna a kan tsuntsun nan."

Ni baduku ne, kuma a lokacin ina ji da kaina. Na zauna na kitsa igiya ta jar fatar akuya, siririya mai laushi, na yi mata tuntu. Na ɗaura baki ɗaya a ƙafar aku, ɗayan a wuyan hannuna, na ɗora shi a kafaɗa. (Gaskiyar magana, ba aku nake son a gani ba, igiyar nake son a tambayi wanda ya yi.)

A bakin lungu maƙwabcina Ɗanlami maƙeri ya daina hura wuta ya dube mu.

"Kai baduku, ka kalli bakin abin nan kuwa? Zo in ba ka 'yar sarƙa."

"Riƙe ƙarfenka. Ragamar da na kitsa ingarma ma bai tsinka ta ba."

"Ingarma ja yake yi. Wannan ci zai yi."

Na wuce ina dariya. Duk hanya aku shiru, sai wani ƙas-ƙas da nake ji kusa da kunnena. Na ce a raina, ji yadda ya natsu, har gyaran jiki yake yi.

Na iso ƙofar masallacin unguwa ana tsakiyar ɗaurin aure. Tabarmi cike da dattawa, ga Baba kusa da liman. Na durƙusa daga gefe, na ɗan karkata kafaɗa yadda kowa zai gani. Ana shafa fatiha masu kalangu suka saki kiɗa a bayana. Sai na ji iska ta mari kumatuna, hulata ta faɗi. Na fizgo igiya da ƙarfi, ta taho salin-alin, bakinta a tattaune kamar an sha rake.

Aku kuwa yana can kan wani dogon rimi. Ya gyara zama, ya yi tarin Baba. Jama'a suka waiga wajen Baba, suka ɗaga kai sama.

Baba ya ce, "Wancan ba na gidana ba ne?"

"Shi ne, Baba. Iska yake sha."

"To. A aika wa mai shi ta zo ta kira abinta."

Wannan fa shi ne ban so ba. Inna ta ji a bakin mutane cewa na saki akunta? Na nuna masa gyaɗa. Na yi masa fito. Na kira shi da ladabi, na kira shi da zagi. Ko kallo ban ishe shi ba. Abu ɗaya ya rage, kuma na san shi.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da dakuwa a gindin katanga. Na lallaɓa na ce, "Iya, don Allah ki yi mini guɗa guda ɗaya."

Ta ce, "Ɗan nan, muryata ta riga ni tsufa. Amma abu ne mai sauƙi. Kama hancinka."

"Iya, a gaban liman?"

"Kana son tsuntsu ko ba ka so? Kama hanci, ɗaga haɓa, ka kaɗa harshe."

Wallahi na kama. Ƙato da gemu, da babbar riga, ba hula, a gaban surukina da duk dattawan Shahuci, na ɗaga kai sama na saki abin da na ɗauka guɗa ce. Abin da ya fito ya fi kama da kukan bunsuru da aka taka wa wuya. Masu kalangu suka tsaya cak. Liman ya ja rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Tsohuwa ta ce, "Ƙara, ka kusa!" Ni kuma, da yake ba a rabo da wauta rana ɗaya, na ƙara.

Aku ya karkata kai ya saurara. Sannan ya buɗe baki ya maido mini da ita daidai yadda na yi, har da inda muryata ta karye. Nan fa dariya ta ɓarke, har wani dattijo sai da aka riƙe shi. Baba bai yi dariya ba. Ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Allah ya shirya," ya shige masallaci.

Ana cikin haka sai guɗa ta gaske ta tashi daga can wata unguwa, inda su ma suke nasu bikin. Aku ya miƙe wuya, ya buɗe fiffike, ya bi ta. Na tattare riga na bi lungu-lungu ina tambaya, rigar ta kama a wani dangan kara ta yage har ƙasa. Babu wanda ya gan shi. Har yau.

Inna ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta dai daina amsa gaisuwata har aka yi girbi biyu. Yanzu da nake koyon boko da furfura a gemu, in malaminmu ya ce ga yadda ake yi, ba na cewa ina da tawa dabarar. Kuma duk wanda zai fita da aku, ya sa shi a kwando ya lulluɓe, ko da rawani ne a kansa.

Abin da na rasa a ranar: aku ɗaya, hula ɗaya, riga ɗaya, da sunan da ubana ya raɗa mini, don daga Gwale har Shahuci ba wanda ya sake kirana sai Mai Guɗa.