Litinin ɗin Baba Zira

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya a goge daga shekarun da na yi ina aikin kotu, ba zan zaɓi ranar da na zubar wa lauya shayi a kan baƙar rigarsa ba, ko ranar da barci ya kwashe ni ana tsakiyar shari'a har na yi minshari. Kujerata zan zaɓa. Zan koma ranar da na gyara ta in riƙe hannun kaina.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama a Yola gari, aka samo mini aikin masinja a babbar kotu, ina kai takarda ina dawo da takarda. Da na daɗe, aka ga ba na ɓatar da abu, sai aka ba ni makullin ɗakin fayil. Ɗaki ne dogo mai taga ɗaya. Fankarsa fiffike biyu gare ta, rufinsa na yoyo ta kusurwar gabas, kantocin sun cika tun kafin zuwana, sauran fayilolin suna ƙasa a ɗaure da igiya. Amma ni na san kowanne. Lauya zai faɗi suna, in rufe ido in miƙa hannu in zaro. Kowa Bappa yake kirana, har alƙalai. Wannan ya shiga kaina sosai (matata ta ce har a gida na fara tafiya kamar mai jiran a miƙe masa).

Sai shekarar da 'yan bindiga suka koro mutanen Mubi da Michika da Madagali, suka cika Jimeta, kowane gida da baƙinsa, wasu a makarantu, wasu a ƙarƙashin bishiya. Ma'aikatan kotunan can su ma sun gudo, kuma wasu bayin Allah a cikinsu sun tsaya sun cusa fayiloli a buhunan masara kafin su fito. Aka sauke buhunan a ɗakina. Madam Rifkatu, rajistararmu, 'yar Numan ce mai aiki kamar agogo, ta ce in buɗe su ɗaya bayan ɗaya in rubuta abin da ke ciki. Na ce to. A zuciyata kuwa na ce waɗannan ba nawa ba ne. Namu ma sun fi ƙarfinmu, alƙalai kaɗan, ƙararraki sun taru, kullum lauyoyi a bakin ƙofata. Kuma wa zai zo neman shari'ar gona alhali yana neman inda zai kwana? Na ja buhunan na jingina su a kusurwa. Kusurwar gabas.

A makon ne kujerata ta ɓurme. Saƙar zamanta ta tsinke, sai sanduna biyu a ƙasa. Sau uku na rubuta a ba ni wata, shiru. Rannan na juya, na ga wani ƙunshi mai kauri yana leƙowa daga bakin buhu. Na zaro shi, na ɗora a kan sandunan, ya zauna daidai kamar kafinta ya auna. Ko bangonsa ban karanta ba. Na lulluɓe shi da tsohon bargo, na ɗaure da igiya, na zauna. (Gaskiya ɗaya zan faɗa, ban taɓa samun kujera mai daɗinta ba. Har ciwon bayana ya yi sauƙi.)

Bayan 'yan watanni wani dattijo ya yi sallama. Dogo ne siriri, hularsa ta koɗe, yana riƙe da lambar ƙara a rubuce a bayan takardar waƙoƙin coci. Ya ce sunansa Zira, daga wani ƙauye ne a ƙasar Michika, yanzu yana Damare shi da matarsa, an ara musu ɗaki da 'yar gona. Ya ce kafin gudu suna shari'a da maƙwabcinsa a kan gonar mahaifinsa, an ɗaukaka ƙara. A cikin fayil ɗin akwai takardar rabon gonar, wadda dattawan ƙauye suka dangwala wa yatsa, ya ba kotu ita a matsayin shaida. Gidansa ya ƙone da duk abin da ke ciki. Dattawan kuma wasu an kashe su, wasu ba a san inda suke ba. Takardar nan kaɗai ta rage da za ta ce gonar tasa ce.

Na tashi, na leƙa bakin buhu biyu, na ɗaga 'yan takardu, na kaɗe hannu, na koma na zauna. Na ce masa ya dawo mako mai zuwa.

Ya dawo. Kowace Litinin sai ya dawo. Yakan hau keke daga Damare da sassafe, ya zauna a benci bakin ƙofata, ya kwance leda ya fito da dafaffiyar gyaɗa, wata rana rake. "Mama ya ce a gaishe ka," haka yake fara magana kullum. Matarsa yake nufi, haka Hausarsa take. Ban taɓa ganin Mama ba, amma na ci gyaɗarta har na san ranar da gishirinta ya yi yawa. Muna ɓare gyaɗa yana ba ni labarin gonar. A gindin dutse take, akwai tsamiya a tsakiya inda mahaifinsa ke rataye goran ruwa, akwai wata 'yar ƙorama da ba ta ƙafewa sai ƙarshen rani. Ya faɗa mini har na iya zuwa ba ɗan rakiya. Ni kuma ina kishingiɗe a kujerata, ina gyaɗa kai, ina cewa Allah ya bayyana fayil ɗin nan.

Da na gaji da cewa mako mai zuwa, sai na yanke hukunci da kaina. Na ce masa fayil ɗinsa bai iso ba, a can ya ƙone. Na faɗa da muryar wanda ya sani, har na maimaita wa Madam Rifkatu, ita ma ta yarda, don ba a taɓa jin Bappa ya yi kuskure ba. Baba Zira ya ce shi dai akawun kotunsu da ya cusa takardun ya gaya masa da idonsa ya ga sunansa ya shiga buhu. Litinin ta gaba sai ga shi da ledarsa.

Hanya ta buɗe, mutane suka fara komawa. Ya ji labarin maƙwabcin nan ya riga ya koma har ya yi shuka. Mama ta ɗaure kayanta tana so su tafi, shi ya ce ta ƙara haƙuri, ba zai je ya tsaya a bakin gonar ubansa yana kallon wani na girbi ba, sai da takarda a hannu. A damina ta biyu zazzaɓi ya kama ta, kwana huɗu ta rasu. A Damare aka binne ta. Ni da Madam muka je gaisuwa. Na ga ƙullin kayanta a bayan ƙofa, ba a kwance ba. Na zauna a tabarma na yi ta ba shi haƙuri, bakina cike da kalmomi masu kyau.

To, ga ranar. An kafa kwamitin duba halin da ofisoshi ke ciki, wani Mai Shari'a ne shugabansa, mutum mai tabarau da ƙarancin magana. Ma'aikata suka ce ni ne babba, ni zan yi bayanin wahalarmu. Na kwana biyu ina shirya jawabi. Na sa babbar rigata ta Sallah, na kafa hula. Suka shigo ɗakina su wajen goma, har da lauyoyi biyu da suka biyo don kallo. Litinin ce, Baba Zira na kan bencinsa.

Na nuna fanka, aka rubuta. Na nuna yoyo, aka rubuta. Na nuna buhunan da ruwa ya jiƙa, gara ta shiga, wasu takardun sun manne sun zama kamar tuwo, na girgiza kai kamar laifin wani ne. Na ga ana saurarona, sai daɗi ya ɗebe ni. Na ajiye mafi girma a ƙarshe. Na jawo kujerata tsakiyar ɗaki.

"Milod, bari ka ga abin da dattijo kamata yake zama a kai shekara biyu."

Da hannuna na kwance igiyar. Da hannuna na yaye bargon, har da kaɗa shi sama kamar mai sayar da atamfa. Na yi zaton ramin za su kalla. Ni kaina na manta abin da na toshe shi da shi.

Mai Shari'a ya sunkuya ya ɗauki ƙunshin. Ya lotsa a tsakiya, ya ɗauki siffar wurin zamana sak, duk wanda ya gani ba ya bukatar bayani. Ya gyara tabarau, ya hure ƙura, ya karanta lambar ƙara da ƙarfi yadda suka saba, sannan ya karanta sunan mai ɗaukaka ƙara.

Daga bakin ƙofa aka ji motsin benci. Baba Zira ya miƙe, ya cire hula, ledar gyaɗa a ɗaya hannun.

"Ga ni, ranka ya daɗe."

Mai Shari'a ya tambaye shi ko shi wane ne, ya faɗa. Ya tambaye shi me ya kawo shi, ya ce wannan fayil ɗin yake nema, shekara biyu ke nan, kowace Litinin, amma Malam ya ce ya ƙone. Ba ƙarata ya kai ba, amsa kawai ya bayar. Mai Shari'a ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

"Bappa, a ina da ina ka duba?"

Na buɗe baki, jawabin kwana biyu ya gudu ya bar ni. Ɗaya daga cikin lauyoyin ya fita da sauri, muna jin dariyarsa a baranda. Madam Rifkatu ta ɗaga kai tana kallon fanka. Ni kuma ina tsaye cikin rigar Sallah, bargo a hannu. Aka kwance fayil ɗin a kan teburina. Takardar na ciki, ta yi ja don tsufa, amma ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Baba Zira ya matso, ya daɗe yana kallo, ya ɗora yatsa a kan ɗaya daga cikin dangwalen, ya ce wannan na babansa ne.

Na sha takardar tuhuma da gargaɗi, kuma ban ce an zalunce ni ba. Kafin azahar sunana ya koma Bappa Kaza, mai kwanci a kan fayil. Har na yi ritaya, in lauya ya zo neman fayil sai ya leƙo ya ce, Bappa, nawa ya ƙyanƙyashe ko yana ƙasa? Wasu suka lallashe ni cewa ai ni na ceci takardar, tunda na cikin buhu da yawa sun ruɓe. Na karɓi wannan magana hannu biyu, na yi ta yawo da ita. Sai da na faɗa a gaban Madam Rifkatu, ta ajiye biro ta ce, "Waɗanda suka ruɓe ɗin fa, wa aka ce ya buɗe su?" Tun ranar ban sake faɗa ba. Wata uku muka yi ni da ita muna ɓamɓare abin da zai ɓamɓaru muna shanyawa a baranda. Kowane suna na karanta sai in ce ko wannan ma yana wani wuri yana jira.

An sa wa ƙarar Baba Zira rana, ba a ja ba, ya samu gonarsa. Litinin ta ƙarshe ya zo da gyaɗa, ya ce wannan shi ya dafa, in yi haƙuri da gishirin. Na fara ba shi haƙuri, dogon bayani, kujera, yawan aiki, yoyo. Ya bar ni na gama.

"Malam, ni na yafe. Mama ne dai ya so ya ga gida."

Bai ƙara komai ba. Muka cinye gyaɗar, ya tattara ɓawon a leda kamar yadda ya saba, ya sa hula ya tafi. Ban karɓi lambar wayarsa ba, kunya ta hana ni. Sunan ƙauyen yana cikin fayil, kunya ta hana ni buɗewa.

Yanzu na yi ritaya, ina zaune wurin ɗana a unguwar Bekaji. Kwanaki na leƙa tsohon wurin aiki, na tarar an gyara rufi, an kawo kwamfuta da kujeru masu juyawa, ba wanda ya san ni sai mai gadi. Na tsaya a inda bencin yake da, ba benci. Abin mamaki, har fankar nan mai fiffike biyu na yi kewa. Wani lokaci ina zuwa tashar motocin Mubi in tambayi mutanen Michika ko sun san wani dattijo Zira mai gona da tsamiya a gindin dutse. Sai su yi dariya su ce, Baba, a wurinmu kusan kowane gida da Zira, kowace gona da dutse. Ban sani ba ko yana raye. Ina so in ji ko ƙoramar nan tana nan, ko ya rataye gora a tsamiyar. Duk Litinin da safe, in na ji keke ya tsaya a ƙofar gida, sai na ɗaga kai.

Har yau ba na zama a kujera sai na ɗaga matashinta na duba. Jikokina sun mayar da abin wasa, suna ɓoye mini takardun makaranta a ƙasa don su ga na zabura. Ku yi dariya, ni ma ina yi. Amma ku da ke riƙe da makullin wani ɗaki a wani ofis, ina roƙonku kada ku yi irin tawa. In mutum ya zo daga nesa ya ce ku duba masa abu, kafin ku ce masa ya ƙone, ku tashi tsaye tukuna.