Rasuwar 'Yar Baƙa, Mai Ɗaukar 'Yan Kallo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake ni kaina ban ji komai yana motsi a cikinta ba, ni Uthman Mai Hoto na Kademi nake sanar da rasuwar kyamarata, 'Yar Baƙa, wadda ta cika ranar Asabar bayan la'asar a filin kalankuwa na Toranke.

Marigayiyar ba ta da kwaɗayi. In mawaƙa suka shigo fili kowa ya ɗaga waya yana ɗaukarsu, ita sai ta juya musu baya ta fuskanci 'yan kallo. Fitilarta ta mutu tun a hannun mai ita na farko, don haka da hasken Allah take aiki: gindin darbejiya, ranar yamma a gefen fuska, mutum ya tsaya yadda yake. Ba ta taɓa mai da baƙi fari ba. Ana kiran magariba take tashi daga aiki. Maganarta ɗaya ce, ƙyas.

Mutum ɗaya ce ta gagare ta, mahaifiyata Inna Gaji, mai sayar da gyaɗa a bakin fili. Kullum sai ta kare fuska da faifai, wai ba za a ɗauke ta da zanen aiki ba, in bari sai ta shirya. Ran nan ta shirya. Ta ɗaura sabuwar atamfa, ta sa kwalli, ta ajiye farantinta ta tsaya, tana cewa in yi sauri kafin a wawashe mata gyaɗa. Haske kuwa, wallahi ban taɓa samun irinsa ba. Na danna. 'Yar Baƙa ta ce ƙirrr, idonta ya maƙale. Na ce wa Inna sai wani wasan. Ta ce ba komai, ai atamfa ba ta ruɓewa.

Na kai marar lafiyar wajen Mu'az mai gyara a Gaya. Ya buɗe, ya hura, ya ce yashi ya gama da ita, sai haƙuri. Ina can aka bugo min waya in dawo gida, Inna ta faɗi a madafi. Ban riske ta da rai ba.

'Yar Baƙa ta bar batir biyu, ɗaya kumburarre, da igiyar wuya, da katin ajiya cike da fuskokin mutanen Kademi da Toranke da Gafasa. Na duba su kaf. A bayan wani saurayi mai dariya akwai gwiwar hannun Inna da gefen farantinta. Shi ke nan.

Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla. Za a naɗe ta da ɗankwalin atamfar nan a sa ta a ƙasan akwati ranar Juma'a bayan la'asar. Za a karɓi gaisuwa a zaurenmu, dama ba a naɗe tabarmin ba tukuna.

Mai zuwa, don Allah ya taho da wayarsa. Wataƙila garin ɗaukar mawaƙa, hannun wani ya goce ya ɗauko wata tsohuwa a gefe, tsaye da sabuwar atamfa.