Yadda Za Ki Tsare Jaririyarki Daga Sumbar Alhazai da Mage Guda

Ke mai jego a Makka bayan saukowa daga Arfa, matso kusa. An gwada wannan hanya a wani bene a unguwar Shisha, kuma ta ci. Ki bi ta sau da ƙafa, na lamunce miki babu mai tarin da zai kai baki kumatun 'yarki, kuma babu mai cewa ba ki da tarbiyya.

1. San abokin gabarki

Dangi ne. Da an gama jifa, duk wanda kakarsa ta taɓa gaisawa da kakar mijinki zai nemo gidanku, da tsarabar kuka da daddawa, da tarin nan da alhazan duniya suka haɗu suka dafa. Kowa so yake ya ɗauki 'yar Makka ya sumbace ta don albarka.

Mujahida, mai wannan dabara, 'yarta Tahani bakwaini ce. Likita ya ce mura ɗaya na iya mayar da ita asibiti. To je ki faɗa wa gwaggon mijinki haka, ki ga in labarinki bai riga ta isa Kano ba.

2. Samo mage

A garin nan ba a saye, buɗe ƙofa kawai. Mujahida ma ba ta wahala ba, don surukarta Inna Asiya na da wata, Mishmish, mai cin kaza tana raina shinkafa.

3. Karrama baƙi da turare

Kai jaririya ɗakin ciki, rufe ƙofa. Sannan ki zuba turaren wuta ki zagaya da shi falo kamar kowace matar kirki. Baƙi su ji an daraja su, mage kuwa ta yi atishawa uku a jere. Ba ki yi mata komai ba, hancinta ne.

4. Saki fuska, ki yi ƙasa da murya

Ki ce, "Wallahi Gwaggo, da na kawo muku ita, sai dai magen nan mura take yi, ga ta kullum a ƙofar ɗakin yarinyar. Ina ji muku tsoro, ga jirgi a gabanku." Duba da kyau, ba ki ce suna tari ba. Su kike tausaya wa. Wanda ya kwana a tanti da masu tari ɗari zai tattare babbar riga saboda atishawar mage.

5. Riƙe iliminki

Likitan dabbobi ya faɗa wa Mujahida cewa murar mage ba ta kama mutum. Wani sa'in ma mage ce ke kwasa daga wurinmu. Ilimi amana ne, ba kowa ake ba ajiya ba.

6. Shirya wa mai taurin kai

Akwai ta a kowane dangi. Ta su Mujahida Gwaggo Ruƙayya ce, wadda tarinta ke sallama kafin ita.

"Mura? Miƙo min ita in yi mata tofi, baiwar Allah."

Ta rungume Mishmish, ta tofe ta tun daga kunne har wutsiya, tana yi tana tari. Kada ki hana. Duk tofin da ya sauka a kan mage, kumatun 'yarki ne suka tsira. Bayan 'yan kwanaki dai Mishmish ta fara atishawa ba turare.

7. Kada ki manta da suruka

Nan Mujahida ta kusa tuntuɓe. Inna Asiya ta kira ɗanta a gabanta.

"Munzali, sa magen nan a kwali ka kai ta can unguwar Tandabawi ka yar. Mai mura ba ta kwana gida ɗaya da jikata."

Mujahida ta shiga lissafi. In mage ta tafi, da me za ta tare baƙi? In ta faɗi gaskiya, ta ce dangin Inna masu cuta ne ke nan. Ta dubi ƙofar ɗakin Tahani, ta durƙusa.

"Inna, murar mage ba ta kama mutum. Tarin baƙi nake gudu."

"Dangin nawa?"

"Su, Inna."

Tsohuwa ta waiwayi ɗanta. Munzali na tsaye da kwali kamar an dasa shi.

"Ajiye kwalin, ya walad, ka kai ta wurin likitanta. Ruƙayya ta tofe min mage." Ta juyo kan Mujahida. "Ke kuma turarenki ba ya kai wa ko'ina. Ɗauko nawa na cikin akwati. Gobe mutanen Sakkwato za su zo, mota biyu."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ce, ba kuma malama ba, hukuncin mataki na huɗu tsakaninki da Ubangijinki. In surukarki ba irin Inna Asiya ba ce, in magenki ta ƙi atishawa ranar da ake bukata, ko gwaggonku ta iya karatun boko ta ci karo da wannan, ban san ki ba, ban taɓa zama a Shisha ba.