Rasuwar Kwamfutarmu a Hannun Daddawar Inna

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da hancin da har yau bai dawo daidai ba, ni Safiya matar Mu'azu, mai buga takardu a nan Gusau, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, a kan teburinta. Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, don ba ta da rai, amma mu da ta bari muna neman addu'a.

Marigayiya ta zo mana da tsufanta, don Mu'azu ya sayo ta ne a hannu daga Kano. Duk da haka ba ta da ƙorafi. In aka ɗauke wuta ta yi shiru, in aka kawo ta ce "ɗit" ta ci gaba. In za ta kama layin tarho don aika saƙo sai ta yi "ƙiiii, shhhh, gurrr," har ɗiyata Maijidda ta saba, da wannan kukan take barci.

Da safe tana buga takardun mutane, mu sami na cefane. Da la'asar kuma mu yi aikin sa kai. Akwai wata manhaja ta kyauta da mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suna rubutawa, kowa na iya ɗauka ya gyara. Ƙananan asibitoci ke amfani da ita, tana fitar musu da sunayen jariran da lokacin allurarsu ya yi. Ni ban iya rubuta manhaja ba. Nawa shi ne tantance ƙorafin da masu amfani da ita ke aikowa: in karanta, in gwada a jikin marigayiya, in ware na gaskiya in tura wa masu gyara. Ba sa taɓa ƙorafin da ba a gwada an tabbatar ba.

Marigayiya ta ga abin takaici a wannan aiki. Babban mutum da gemunsa zai rubuto "ba ta aiki," ya sa suna, shi ke nan. Me ka danna, me ka gani, oho. Wani ya aiko abu ɗaya sau biyar, kowanne da sabon zagi, a kan abin da bai biya ko sisi ba. Ni kan ja tsaki in tashi. Ita ba ta taɓa tashi ba.

Aikinta na ƙarshe shi ne ƙorafin Malam Shu'aibu, ma'aikacin wani ƙaramin asibiti a Tsafe, wanda ya aiko a faifai ta hannun ɗan acaɓa. Ya ce sunayen wasu jarirai na ɓacewa. Na sa sunan Maijidda na gwada. A Afrilu aka haife ta, allurar ƙyandarta za ta faɗo a Janairu mai zuwa, na shekara ta dubu biyu. Manhajar, da lambobi biyun ƙarshe na shekara kawai take gani, ta lissafa ta ce wannan rana ta wuce tun shekara ɗari, ta cire sunan ɗiyata. Haka za ta yi wa duk jaririn da allurarsa ta tsallaka sabuwar shekara. Na rubuta bayanin tsaf, ina jiran layi ya samu in tura.

Game da jinyarta: Inna Saude, gwaggon Mu'azu, ta zo mana daga Bungudu da ƙullin kalwa. Na roƙe ta da ladabi kada ta yi daddawa a gidan nan, ɗaki biyu ne kuma ga jaririya. Ta amsa. Ashe Inna ta lura bayan marigayiya na fitar da iska mai ɗumi, irin ɗumin da kalwa ke so ta ruɓa. Ta dafa abinta a maƙwabta, ta naɗe a ganye, ta jingina shi daidai bakin fankar marigayiya, ta lulluɓe da buhu, ta ja zanen tebur ta rufe.

Da warin ya fara, na zargi nafkin ɗin Maijidda, na wanke duka har da masu tsabta. Na zargi mushen ɓera, na sa Mu'azu ya ɗaga katifa. Allah ya yafe mini, har takalminsa na fitar waje. Duk wannan lokacin marigayiya na nishi, "huuu, huuu," ba ta samun numfashi, ruwan kalwa na tsiyaya cikinta. Ranar Talata layi ya samu. Ta yi "ƙiiii," ta yi "ƙyas," hayaƙi ya tashi. Saƙon bai fita ba. Abin da na gani da na ɗaga zanen nan, mai yauƙi, da ƙudaje, taku biyu daga inda ɗiyata ke rarrafe, ba zan rubuta shi ba.

Ta rasu ta bar allo ɗaya, madannai da harafi biyu suka goge, tarin ƙorafin da ba a karanta ba, da Malam Shu'aibu da ke jiran amsa.

Ba za a yi mata wanka ba, ta sha ruwa ya isa. Gobe bayan azahar Mu'azu zai ɗora ta a babur zuwa wajen mai gyara, a ciro ma'ajiyarta a gani ko bayanin na nan. In babu, na haddace shi. Ba zaman makoki, kuma kada a kawo abinci, musamman miyar kuka. Duk mai son yi mini ta'aziyya, in yana da kwamfuta mai layin tarho tsakanin Gusau da Tsafe, ya ara mini ita na ɗan lokaci kafin azumi ya kama. Zan zo da goyona in tura saƙon. Iyaye mata da suka haihu bana, kowace ta ɗauko katin ɗanta ta duba ranar allura da idonta, kada ta jira a kira ta.

Za a ɗauki gawar ta ƙofar baya, don Inna ta shanya daddawarta a ta gaba. Ta ce ba ta taɓa yin wadda ta yi kyau haka ba, kuma tana tambayar yaushe za mu sayi sabuwa.